Karatun Harhaɗa Magunguna ta Intanet: Kafin Ki Biya Kuɗin Rajista

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya, kuma da yake irinta ta yawaita a 'yan shekarun nan, zan ba ta filin wannan makon gaba ɗaya. Ta ce tana aiki a sashen magani na wani asibitin gwamnati. Kwalejin kiwon lafiya ta yi, ta fito da shaidar mataimakiyar mai harhaɗa magunguna, tana da aure da 'ya'ya uku. Burinta ta zama cikakkiyar famasis, amma komawa jami'a na shekara biyar ko shida ya yi mata nauyi. Ana nan sai ta ci karo da talla a Facebook: wata jami'a a ƙasar waje tana ba da digirin harhaɗa magunguna ta intanet, daga rajista har karɓar takarda ba sai ƙafarta ta taka ko'ina ba. Masu tallar sun rubuta cewa bincike ya tabbatar babu bambanci tsakanin wanda ya yi karatu daga gida da wanda ya zauna a aji. Maigida ya yarda zai biya. Tana so ta sani, da gaske ne babu bambancin?

Malama, maganar binciken ba ƙarya ba ce. Rabinta aka kawo miki aka ɓoye rabi, kuma rabin da aka ɓoye shi ne ya shafe ki.

Ga wanda suka faɗa. Tun a 1999 wani malamin jami'a a Amurka, Thomas Russell, ya tattara rahotanni 355 waɗanda aka kwatanta karatu ta wasiƙa, ta rediyo, ta talabijin ko ta kwamfuta da karatun aji, ya nuna cewa ba a ga wani bambancin a zo a gani a sakamakon ɗalibai ba. A 2008 kuma David Cook da abokan aikinsa suka buga nazari a mujallar likitocin Amurka ta JAMA, inda suka haɗa bincike 201 kan koyar da ma'aikatan lafiya ta intanet. Sun gano cewa darasin intanet ya fi rashin darasi nesa ba kusa ba, amma idan aka jera shi da koyarwar da aka saba, tazarar 'yar kaɗan ce, yau wannan ya rinjaya, gobe wancan. Ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar da nata rahoton a 2010, ta ce ɗaliban da suka fi cin riba su ne waɗanda aka haɗa musu biyun, intanet da aji. Sai dai masu rahoton da kansu sun ja kunne cewa irin waɗannan ɗalibai sukan sami ƙarin lokaci da ƙarin kayan karatu, saboda haka ba lallai na'urar ce ta yi aikin ba.

A fannin harhaɗa magunguna kansa, misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Jami'ar Creighton da ke birnin Omaha a jihar Nebraska. A 2001 ta buɗe hanyar samun digirin Pharm.D daga nesa ga masu fara karatun, kuma ita ce ta fara yin haka a Amurka da amincewar hukuma. Malamanta sun gwada ɗaliban nesa da na cikin makaranta, suka buga sakamakon a 2006, ba a sami 'yan nesa a baya ba. Jami'ar Maryland ta bi wani salon. A 2007 ta buɗe reshe a Shady Grove, ɗaliban can suna kallon lakcocin da aka naɗa a Baltimore, kuma da aka duba makinsu sai aka tarar kusan ɗaya ne da na waɗanda suka ji lakcar daga bakin malami.

Yanzu ga wanda aka ɓoye. Ɗalibin Creighton na nesa, lakca ce yake ji daga gida. Lokacin bazara sai ya tattara ya tafi Omaha, ya sa farar riga, ya shiga ɗakin gwaje-gwaje malami na tsaye a kansa. Jarabawarsa ana sa masa ido kamar kowa. Hukumar ACPE, wadda ke tantance makarantun harhaɗa magunguna a Amurka, ta gindaya a ƙa'idojinta na 2016 cewa kowane ɗalibi sai ya yi aƙalla awa 300 na aikin sharar fage a kantin magani da asibiti a shekarun farko, sannan awa 1,440, wato mako 36, na cikakken aiki a hannun gogaggun famasis kafin ya gama. Ɗan nesa ba a rage masa ko awa ɗaya. Reshen Shady Grove kuwa yana da ɗakunan gwajinsa da malamansa a wurin. Ashe abin da aka auna shi ne jin lakca a allon kwamfuta da jin lakca a ɗaki. Duka ɓangarorin biyu sun riƙe ma'auni, sun tsaya gaban marasa lafiya. Jami'ar da ta yi miki talla ta cire wannan sashen gaba ɗaya, sannan ta ari sakamakon waɗanda ba su cire ba tana talla da shi.

Akwai kuma batun su wane ne ɗaliban. A yawancin makarantun Amurka ba a shiga Pharm.D daga sakandare, sai an yi aƙalla shekara biyu a jami'a. Masu zaɓar hanyar nesa galibi manya ne, da yawa da digiri a hannu, wasu sun daɗe suna aiki a kantin magani. Mutum irin wannan ko a ina aka ajiye shi zai yi karatu. Ta nan ke ma kina da abin farin ciki, domin kin fi kama da su a kan yarinyar da ta gama sakandare bara. Sannan makin waɗanda suka kai ƙarshe ake yawan kwatantawa, wanda ya gaji ya ajiye a tsakiya ba ya shiga lissafi. Don haka duk wanda ya ce miki "bincike ya nuna", ki tsayar da shi: wa aka gwada da wa, me aka auna, mutum nawa suka fara, nawa suka gama?

Jarabawar canki-canka tana auna abin da ke kai. Sana'ar nan kuwa da yawanta a hannu take. Ɗauki haɗa mai da ruwa don a sami ruwan magani mai kauri da ba ya rabewa. A littafi layi ɗaya ne: mai kashi huɗu, ruwa kashi biyu, garin ƙaro kashi ɗaya, ƙaron nan dai da ake tsinta a dazukan Yobe da Jigawa da Borno. Za a zuba mai da ƙaro a busasshen turmin tangaran, a gauraya, a juye ruwan lokaci guda, a yi ta murzawa da sauri ta gefe ɗaya har haɗin ya yi fari ya fara wata 'yar ƙara ƙas-ƙas a ƙarƙashin taɓarya. Wannan ƙarar ita ce alamar ya kama. Idan turmin na da damshi, ko hannu ya yi sanyi a tsakiya, sai ki ga mai yana yawo a sama, aiki ya lalace. Kamar tuƙin tuwo ne, ana iya faɗa wa amarya yawan gari da ruwa ta waya, amma sanin lokacin da ya yi sai da muciya a hannu. Haka gwajin ƙarfin sinadari da ake ɗiga wani ruwa cikin wani har launi ya juya: ɗigo ɗaya ya wuce, maimakon ruwan hoda mai haske sai ki ga ya rine, lissafin ya tashi a banza. Haka haɗa maganin allura ko na ido, inda ɗalibi zai rantse bai taɓa komai ba, bayan kwana biyu a buɗe farantin gwaji a nuna masa ƙwayoyin cuta sun tsiro a daidai inda hannunsa ya gifta. Wanda aka nuna wa wannan farantin da idonsa, ba ya ƙara wasa da tsabtar hannu. Haka duba garin filasko a madubin ƙara girma don a gane ko an cakuɗa shi da wani ganye.

Kada ki ɗauka wannan ƙawa ce ta malaman jami'a. Tsakanin 2008 da 2009 yara 84 suka rasu a Najeriya bayan an ba su wani maganin haƙori na ruwa da aka haɗa da gurɓataccen sinadari mai ɗauke da diethylene glycol, wanda ke kashe ƙoda. Ruwa ne mai yauƙi, ba launi, ga ɗan zaƙi, ido ba ya bambance shi da sinadarin kirki da ake haɗa sirof da shi. Abin da ke raba su shi ne gwaji, da kuma mutumin da ya saba ba ya yarda da rubutun jikin duro sai ya gwada abin da ke ciki. A 2022 irin wannan musiba ta sake faɗa wa yara a Gambiya. Wannan ɗabi'a ta ƙin yarda sai an gwada, a gaban tebur ake koyonta, bayan an yi kuskure an sha faɗan malami.

Sai kuma tagar ba da magani, inda kika fi kowa sani. Uwa ta zo da yaro jikinsa zafi rau, likita ya rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether da lumefantrine. Ɗalibin da ya yi karatu sosai, ko a gida ko a aji, ya san sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma a haɗa da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi. Abin da lakca ba ta koya masa shi ne yadda zai gane cewa uwar nan ta ce "to" ne don kunya, ba don ta fahimta ba. Gogagge zai ce, "Baba, maimaita mini yadda za ki ba shi," sai ya ji ta ce safe da rana da dare har ya warke. A nan ake gyara, ba tare da an muzanta ta ba. Ko garin amoxicillin na yara: a tafasa ruwa ya huce, a zuba rabi a girgiza, a cika zuwa layin da ke jikin kwalba, a kuma zubar da ragowar idan kwanakin da aka rubuta sun cika. Ko mai asma da ke fesa maganin shaƙa a baki bai ja numfashi ba, shekara da shekaru yana cewa maganin ba ya yi masa. Sai an miƙa masa an ce, "Alhaji, gwada in gani." Ko saurayin da ya shigo da takardar da ba ta yi kama da rubutun likita ba yana neman tramadol, idonsa jawur, ga layi a bayansa. Tun da aka hana sirof mai kodin a 2018 ba a rabu da irinsa a taga ba. Yadda za a ce masa a'a cikin mutunci kuma a tsaya a kan a'ar, sai wanda ya tsaya kusa da babba ya ga yadda ake yi.

Kin riga kin sami kaso mai tsoka na wannan a wurin aikinki, ban musa ba. Amma aikin mataimaki da na famasis ba ɗaya ba ne. Famasis shi ne zai ɗauki waya ya ce wa likita waɗannan magunguna biyu da ya rubuta ba sa haɗuwa, ko adadin ya yi wa mai ciwon ƙoda yawa, kuma ya kare maganarsa a zagayen marasa lafiya gaban manyan likitoci. Wannan a ɗakunan kwanciya na asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika ake goge shi.

Kada kuma a ce na tsarkake aji. Duk wanda ya san jami'o'inmu ya san lakcar da ake yi wa ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki ɗaya, lasifika na kuka, na baya ba ya jin komai sai dai ya sayi handawut. Ya san furaktikal ɗin da mutum goma ke kewaye ma'auni ɗaya, biyu su yi aiki, takwas su kwafi sakamako. Wanda ya yi shekara biyar yana cikin takwas ɗin nan, sunan ya yi karatun aji ne kawai. Ga yajin aiki: ƙungiyar malamai ta ASUU ta rufe jami'o'i daga Maris zuwa Disamba a 2020, ta sake daga Fabrairu zuwa Oktoba a 2022. Kuma akwai darussan da intanet ta fi aji iya koyar da su. Yadda magani ke aiki a jiki, yadda hanta ke sarrafa shi, yadda ƙoda ke fitar da shi, duk waɗannan bidiyo mai kyau yana nuna su da motsi, ki tsayar, ki mayar baya, ki sake kallo da asuba kafin yara su tashi, abin da ba za ki iya sa farfesa ya yi miki ba. Lissafin magani ma haka. Yaro mai nauyin kilo 12, farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, ya kama miligiram 180. Sirof ɗin na da miligiram 120 a kowane mililita 5, saboda haka mililita 7.5 za a ba shi. Wannan maimaici yake so, kuma manhajar da ke jefo miki tambaya ta gyara miki nan take ta fi malamin da sai ƙarshen zango zai dawo da takardarki.

Duk wannan muhawara ce ta ilimi. Abin da zai yanke miki hukunci shi ne lasisi. A Najeriya ba takardar jami'a ke sa mutum ya zama famasis ba, rajistar Hukumar PCN mai kula da sana'ar ce, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Hanyar a bayyane take: digirin B.Pharm na shekara biyar ko Pharm.D na shekara shida a tsangayar da hukumar ta tantance, a rantsar da mutum, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a wurin da hukumar ta amince da shi, ya ci jarabawar share fagen rajista da ake kira PEP, sannan a sa sunansa a kundi. Wanda ya yi karatu a ƙasar waje sai hukumar ta duba takardunsa, ya bi ta shirinta na musamman na waɗanda suka yi karatu a waje, ya ci jarabawa. Idan makarantarki ba ta wuce wannan ƙofa ba, kin sayi takardar rataye a bango.

Kuma mun ga yadda hukumomi ke yi da irin wannan. A 2022, bayan yaƙi ya tarwatsa ɗalibanmu da ke Yukren, wasu jami'o'in can suka ci gaba da koyarwa ta intanet, sai hukumar likitoci ta MDCN ta fito ta ce ba ta amince da karatun likita ta intanet ba. Ta likitoci ce, ba ta famasis ba, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ƙarshen 2023 kuma ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su.

To, kafin kobonki ya fita, ga abin da za ki yi. Rubuta wa magatakardan PCN wasiƙa, ko ki kai ta ofishin hukumar da ke jiharki. Ki sa cikakken sunan jami'ar, ƙasar da take, sunan digirin, ki kuma faɗi ƙarara cewa ta intanet za a yi shi. Tambaya ɗaya za ki yi: wanda ya gama wannan, za a karɓe shi ya bi hanyar rajista? Amsar a rubuce kike so, ba "ai babu matsala" ta bakin wani a farfajiyar ofis ba. Ita kuma makarantar, ki tambaye ta inda ɗakin gwajinta yake da makonni nawa za ki yi a ciki kowace shekara, wane asibiti za ki yi aiki, wa zai sa hannu a littafin aikinki, yaya ake sa ido a jarabawa, kuma wace hukumar harhaɗa magunguna ce a ƙasarsu ta tantance ta. Ki ƙara da wannan: 'yan ƙasarsu da suka yi wannan digirin, ana ba su lasisi a can? Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Idan wakilinsu ya fara cewa rangwamen zai ƙare ranar Juma'a, ko ya turo lambar asusun wani mutum maimakon na makaranta, ki rufe wayar.

Shawarata gare ki kai tsaye ita ce kada ki biya. Idan famasis kike son zama, hanyar ita ce tsangayar da ke da bango da rufi, kuma Arewa ba ta rasa su ba: Ahmadu Bello a Zariya, Bayero a Kano, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Maiduguri, Jos, da jami'o'in jihohin Kaduna da Gombe. Ki je wadda ta fi kusa da ke, ki ga jami'in ɗaukar ɗalibai na tsangayar, ki tambaya ko shaidarki za ta shigar da ke aji biyu kai tsaye, domin sharuɗɗan sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Idan ba ta isa ba, sai JAMB: Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Ki nemi hutun ƙaro karatu a ma'aikatarki tun kafin gurbin ya fito, don takarda a ofis ba ta sauri. Kuɗin da maigida ya ware, ya fi amfani a kan kuɗin makaranta da mai taya ki kula da yara. Idan kuwa kin auna kin ga barin gida ba zai yiwu ba a yanzu, akwai karatun nesa na halal da zai ɗaga matsayinki a aikin gwamnati, kamar kiwon lafiyar al'umma a jami'ar NOUN ko abin da cibiyar karatun nesa ta Ahmadu Bello ke bayarwa. Ki shiga da sanin cewa wannan ba zai mai da ke famasis ba.

Ko wanne kika zaɓa, intanet za ta shigo cikin karatunki, saboda haka ki gwada kanki tun yanzu, kyauta. Samo jerin darussan bidiyo kan yadda magunguna ke aiki a jiki, ki ɗaura wa kanki awa ɗaya da rabi kullum na mako biyu, a ƙayyadadden lokaci. A ƙarshe ki duba kwana nawa kika cika, data nawa ta tafi, sau nawa caji ya yanke miki, sau nawa baƙi ko kukan yaro suka tashe ki. Abin da ke kayar da masu karatun nesa a wurinmu ba wuyar darasi ba ce, waɗannan ne, da kuma kaɗaici: babu wanda zai lura kin ɓace sai ranar jarabawa. Maganinsa shi ne sauke darussa cikin dare lokacin da data ke araha a kalla ba tare da sabis ba, ƙaramin sola ko batirin ajiya, da abokan karatu biyu ko uku da za ku riƙa haɗuwa ido da ido ko sau ɗaya a mako kuna yi wa juna tambaya. Ki riƙa rufe littafi ki rubuta abin da kika tuna. Kallon bidiyo yana da yaudara, mutum sai ya ji kamar ya iya alhali bin malamin kawai yake yi. Kuma idan jarabawar gwaji ta zo babu mai gadi, ki kife wayar nan. Makin da kika samu da satar amsa ba zai bi ki ɗakin jarabawar PEP ba.

Ga waɗanda suka riga suka sami lasisi kuwa, maganar ta juya. Famasis da ya shekara goma a taga ya gama da turmi da ma'auni, abin da yake nema shi ne sabon ilimi, kuma a nan karatun nesa ya dace da shi ƙwarai. Darussan sabunta ilimi na dole da PCN ke buƙata ana yin su ta intanet, mutumin Nguru ko Birnin Kebbi ba sai ya rufe kanti ya kwana a hanya ba. Jami'ar Colorado ma tana da shirin Pharm.D na nesa don famasis da suka yi digirinsu a wajen Amurka, ko da yake shi ma yana da sashen aikin asibiti da ba a yi daga ɗaki, ga kuma tsada.

Iyayen da yaƙin Sudan ya dawo musu da 'ya'ya tun Afrilun 2023 su ne suka fi ba ni tausayi a wannan batu, domin su ba talla ce ta ruɗe su ba. Yaro ya yi shekara biyu ko uku a Khartoum, jami'arsa ta koma lakca ta waya, an rasa ta cewa. Ku ma wasiƙar nan ta PCN ita ce farko, kafin a biya kuɗin wani zangon. Ku nemi takardar sakamakon shekarun da ya yi a can tun jami'ar na iya bayarwa, ku bincika ko wata tsangaya a gida za ta karɓe shi ko da zai maimaita aji. Kafin nan kada ya zauna. A nema masa wuri a sashen magani na asibiti ko kantin da ke da famasis mai rajista, ya buɗe littafi yana rubuta kwanan wata, awannin da ya yi da aikin da ya taɓa da hannunsa, famasis ɗin ya riƙa sa hannu da lambar rajistarsa da hatimi a ƙarshen kowane mako.